Teburin Bakin Taga

Taga ɗaya ce tal a shagon ɗinkin takalman nan, maigidan shagon kuwa, Allah ya shirye shi, ya mayar da ita abin gasa. Duk wanda sabon samfurinsa ya fi kyau a ƙarshen wata, shi ke zama a teburin bakin taga. Wai don a ƙara himma! Himmar da aka samu ita ce kowa ya koyi rufe aikinsa da tsumma, ko da ruwa zai tashi sha.

Baba Mai Tabarau ne ke riƙe da tagar, kuma ba don shan iska ba. Idonsa ya yi rauni, yana ɓoyewa. In aka mayar da shi lungu ko kafar allura ba zai gani ba, maigida kuwa ba ya ajiye wanda ba ya ɗinki.

Ana gobe duba aiki, tsumman Dogo, abokin aikinsa na teburin baya, ya zame. Baba ya waiga, gabansa ya faɗi. Kai, takalmin ya yi kyau! Sai dai fatar ta ƙi kwanciya a dunduniya, tattarewa kawai take yi. Duk shagon Baba kaɗai ya san maganinta.

Ya kau da kai. Dogo ya ja fatar, ta yage. Ya ɗauko wata, yana gumi.

"Za ka ƙarar da fatar mutane, ɗan nan," Baba ya ji bakinsa ya faɗa. "Jiƙa cikinta da ruwan ɗumi, ka ja ta a karkace."



"Baba, ka san abin da ka yi kuwa?" in ji Dogo.

"Na sani. Yi aikinka."

Fatar ta kwanta luf. Dogo bai tsaya nan ba, ya murɗa ta har kan yatsu, ya fitar da wani lanƙwaso da Baba bai taɓa tunaninsa ba.

Washegari maigida ya ɗaga takalmin Dogo yana washe baki, ya ba shi teburin taga. "Kun ga amfanin gasa ko?"

Baba ya kwashe kayansa ya koma lungu. Ya kai zare bakin allura, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Maigida ya juyo, ya zuba masa ido.

Sai ga Dogo a tsakaninsu. "Baba, ara mini allurarka, tawa ta dakushe. Riƙe wannan."

Baba ya shafa allurar da aka danƙa masa. Tsininta ƙalau, kuma da zare a cikinta.