Biskit ɗin Balkisu

Balkisu na da wata shida aka fara kai ta awo gidan likita na unguwarsu a Dakoro. Madam mai awo ta naɗa mata ƴar igiyar nan mai launi uku, tsanwa da ɗorawa da ja, a damtse, igiyar ta tsaya a ja. Ta ce tamowa ce. Ta rubuta a karne, ɗan littafin awo, ta ba da ledojin niƙaƙƙiyar gyaɗa da mata ke kira biskit, ta ce na yarinya ne ita kaɗai, a dawo kowace Talata.

Ba uwar, Suwaiba, ta karɓa ba. Balkisu ɗiyar fari ce, kuma Suwaiba an yi mata tarbiyya: ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarta sai ta kalli ƙasa. Wannan ita ake kira kunya, ana kuma yabon mace a kanta. Don haka surukarta Dela ce ke goyon yarinyar zuwa awo, ita ke amsa tambaya, ita ke ƙulle biskit a bakin zane. Suwaiba biyo su take yi a baya don ba da nono kawai.

Mijin Suwaiba, Isufu, ya tafi ci-rani Aljeriya tun cikin yana wata bakwai. A gidan sai tsohonsa, Mijinyawa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bara, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Tuwo ba ya wuce masa, fura ta ishe shi. Ranar da Dela ta lakato biskit ta sa masa a harshe don ya ɗanɗana, ya lumshe ido ya buɗe baki yana neman ƙari. Daga ranar rabo ya canza: biyu na tsoho, ɗaya na jika. Dela ta ce jinjiri nono ya ishe shi, su da aka raine su ba biskit ga su nan da ransu. Ba ta lissafa da ƴan uwanta biyar da ke kwance a maƙabartar Kornaka ba.

Tsohon ya yi kumari, har murya ta dawo. In an ajiye Balkisu kusa da tabarmarsa sai ya ce, "Amaryata, ke ce mai ci da ni. Allah ya bar mu tare." Maƙwabta su yi dariya.

Suwaiba ta shiga sata. In Dela ta tafi rijiya, sai ta kwashi ledojin da tsoho ya tsotse ya yar, ta tsaga su da haƙori, ta kankare abin da ya maƙale a kusurwa da ɗan yatsa ta sa wa yarinyar. Ta dama kunun gero da ƙuli-ƙuli a bayan rumbu. Ta riƙa ba da nono har ƙirjinta ya yi zafi.

Jariri ba ya iya ɓoye ƙoshi. A wata bakwai Balkisu ta zauna ba tallafi. A na takwas haƙora biyu suka tsago a ƙasa, ta ja ciki har gindin turmi, ta fara ɗaukar ƙwayar gero da yatsa biyu. In Dela ta ce "Balkisu" daga bakin ƙofa, sai ta waiwaya ta washe baki. Suwaiba tana daka tana kallon wannan waiwayen ta gefen ido. A wata tara yarinyar ta kama turmi ta miƙe, ƙafafu na rawa, ta faɗi da gindi, ta sake kamawa.

Talatar nan igiya ta tsaya a tsanwa. Madam ta tafa hannu, ta ce in mako mai zuwa ma haka ne, an sallame ta, ba sauran biskit. Dela ta yi godiya da baki biyu. Da suka shiga gida ta sauke goyon ta juya ta tana matsa cinyoyinta kamar mai tayin akuya.

"Ke, mi kike ba ta?"

"Nono, Inna."

"Nono. To madalla da nono."

Washegari Dela ta ce yarinyar ta tara dattin ciki, haƙora ne, sai an wanke. Ta tafasa ganyen filasko mai sa zawo, ta kwantar da ita a cinya ta toshe mata hanci ta ɗura. Ta yi haka Laraba, ta yi Alhamis, ta yi Juma'a. Ta ce a rage nono don magani ya kama, ta kuma daina zuwa rijiya, ta aika Suwaiba. Suwaiba ta wanke zannuwan zawo har igiyar shanya ta cika. Sau ɗaya ta tsaya a kan Dela da kwano a hannu, bakinta ya buɗe. Dela ta ɗago ta dube ta, ta tambaya ko a gidansu haka ake yi, uwa ta tsaya kan ɗiyar fari kamar kaza. Suwaiba ta koma wanki.

Ran Talata idon Balkisu ya faɗa, maɗigarta ta loma. Igiya ta wuce ɗorawa ta koma ja. Madam ta duba karne, ta duba yarinyar, ta ce a ba ta uwar, ba kaka ba.

"Ke ce uwarta? Dube ni. Mi ya faru da yarinyar ga cikin kwana bakwai?"

Mata sun fi talatin a rumfar, duk sun zuba mata ido. Suwaiba ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro, kalma ɗaya ce, filasko. Ta ga ƙafar Dela kusa da tata. Ta kalli ƙasa.

Dela ta ce, "Ɗiyar fari ce, Madam. Kunya gare ta. Haƙora ne suka sa zawo."

Madam ta wanke Suwaiba tas a gaban kowa. Ta ce ta ga uwaye marasa kula, ba ta taɓa ganin mai taurin zuciya irin wannan ba, ɗiyarta na narkewa ko ɗaga kai ba ta yi. Ta ba da ruwan gishiri da sukari, ta sake buɗe shafi a karne, ta ƙirgo biskit na mako. A bakin ƙofa wata tsohuwa ta dafa Dela ta ce ta yi dacen suruka, irin wannan kunya yanzu sai an tona.

Da la'asar Mijinyawa ya sha biyunsa, ya lashe yatsa, ya tambayi amaryarsa. Dela ta shiga maƙwabta kai labari. Balkisu tana kwance gindin turmin da ta kama makon jiya, ƙuda na bin bakinta, ba ƙarfin da za ta kore shi.

Suwaiba ta leƙa zaure, ba kowa. Ta dawo ta durƙusa ta bayan yarinyar, daidai inda muryar Dela ta saba fitowa. Sunan ya yi mata nauyi a baki, ba ta taɓa ɗaga shi ba.

"Balkisu."

Ta jira. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

Yarinyar ba ta waiwaya ba.