Ranar Da Auta Ta Auna Idon Tela

Tela ya daɗe yana musun cewa idonsa ya yi rauni. In zare ya ƙi shiga, sai ya ce allurar zamani ce ba ta da kafa. Ranar da ya yanka yadin mutane a karkace, matarsa ta ajiye masa takalma a bakin ƙofa, ta ce yau kam sai asibiti, tunda 'yar cikinsa Auta ce ke duba ido a can.

Ya tafi yana ƙunƙuni. A wajensa Auta har gobe yarinyar nan ce mai kwashe masa ƙyallaye. Amma da ya zauna cikin masu jira, sai ya ji kowa Likita yake ce mata, har wani dattijo yana ba da labarin yadda ta gano masa hawan jinin ido tun bai fara jin komai ba. Tela ya so ya kame bakinsa, bakin ya ƙi. Ya gyara zama ya sanar da bencin gaba ɗaya cewa 'yarsa ce.

A ciki ta gaishe shi, ta zaunar da shi gaban wata farar na'ura.

"Baba, ku ɗora haɓa a nan, ku jingina goshi. Kada ku ƙifta."

Ya leƙa, ya ga hoton wani ɗan ƙaramin gida a ƙarshen hanya, ya dushe, ya fito tar, ya sake dushewa. Kafin ya yi magana lambobi sun cika fuskar kwamfuta. Auta ta ce na'urar haske take aikawa cikin ido ta auna yadda ya dawo, kuma idonsa na hagu ya ɗan yi siffar ƙwai, shi ya sa layi ke karkace masa. Ya ce shi dai a danginsu ba a haifi kaza ba. Sannan ya tambaya ko an gama.

"Kamar ɗinki ne, Baba. Awo daban, gwadawa a jiki daban."

Maganar ta shige shi. Ta jawo masa wata na'urar mai tagogi biyu, tana danna maɓalli gilasai na sauyawa, tana tambayarsa wannan ko wancan. Ta sa ya nuna mata nisan da yake riƙe allura, ta shigar a kwamfuta. Da ta ɗora masa gilashin gwaji, baƙaƙen da ke bango suka tsaya cak, har na can ƙasa.

Ya juyo ya dube ta, idonsa ya sauka kan aljihun farar rigarta. Ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun maciji.

"Wane mugun tela ne ya yi miki wannan?"

"Ku ne, Baba. Bara."

Ashe ta gani tun ranar farko, kuma ita take sawa kullum a gaban manyan likitoci. Tela ya share ido, ya ce hasken na'urar ne. Bai bar ɗakin ba sai da ta cire rigar ta ari ta abokiyar aikinta.

Da gilashinsa ya iso, ya farke aljihun ya mayar da shi daidai, ya ƙara wani ƙarami daga ciki don 'yar tocilan ɗinta. Ya goge rigar, ya kai mata da kansa, ya zauna a layi har aka zo kansa.