Ƙyallen da ke Jikin Bututu

"Auta ai hannunsa na da albarka." Haka Mama ke faɗa wa duk wanda ya shigo gaishe ta. Maƙwabta har sun haddace: shi ya gyara fanka, shi ya ɗora ƙofar bayi, wai ko rediyo ya harara sai ta kama tasha. Direba kuwa, babban ɗanta da take zaune a gidansa, abin da ake faɗa a kansa bai wuce "yana ƙoƙari" ba.

Yanzu ma yana jiyo ta a waya tana wannan yabon, shi kuwa yana kwance rigingine a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da filaya a hannu. Ruwa ya ƙi wucewa, ga yoyo ya cinye bangon da ya raba kicin da ɗakin Mama, har katifarta ta fara warin danshi. Da safe ta ce ita kam za ta koma gidan Auta, ta fito da jakarta ta ɗora a kan kujera. Shi ya sa Direba ya bar wa abokin aikinsa motar, ya zauna gida.

"Baban yara, da dai ka kira shi," in ji matarsa, tana haska masa da fitilar waya.

"In kira wa?"

"Ka san wanda nake nufi. Watan jiya ma da muka je dubiya asibiti muka bar ta a gida, Mama ta ce shi ya zo ya tsayar da yoyon."

"Ya tsayar? To wannan da ke ɗiga min a ido zufa ce? Haska nan, ba hancina ba."

Ya tura bokiti, ya kama gwiwar bututun ya murɗa. Ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi yana cije leɓe, sai ta saki gaba ɗaya, baƙin ruwa ya wanke masa fuska da wuya. Matar ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki a fili, kada ki shaƙe."

Ya zura waya ya zaƙulo abin da ya toshe: daskararren maiƙo, ganyen shayi, da ƙaramin cokalin da aka daɗe ana zargin yara da ɓatarwa. Ya wanke gwiwar tas. Sai ya kai hannu can sama, kusa da bango, inda yoyon ke fitowa, ya ji wani dunƙule. Leda ce aka naɗe, aka bi ta da ƙyalle, aka yi ƙulli kan ƙulli. Da ya yanke, sai ga bututun a tsage. Ɗaurin bai hana komai ba, juya ruwan kawai ya yi ya nufi bangon Mama.

Wani daɗi ya ratsa Direba har tafin ƙafa. Shi ke kai ta asibiti, shi ke tashi idan tari ya sarƙe ta, amma Auta ya zo da lemo a leda ya kwashe addu'a. To yau ga aikin mai albarka a hannunsa.

Bai yi gaggawa ba. Ya je shago ya sayo guntun bututu da sabuwar roba, ya haɗa, ya ɗaure a hankali. Ya buɗe famfo, ruwa ya wuce da gurnani. Ya shafa busasshen tsumma a mahaɗar, babu ko ɗigo. Sannan ya ɗauki ƙyallen da yatsu biyu ya nufi ɗakin Mama, ko fuska bai wanke ba.

"Mama, ga aikin gwaninki. Wannan ne ya jiƙa miki katifa." Ya ɗaga shi sama. "Dubi don Allah. Ko yaron goye ba zai yi wannan shirmen ba. Wanda ya ɗaura wannan ba shi da hankali ko na sisin kwabo, sai cika baki."

Mama ta dubi ƙyallen, ta mai da ido kan hannayenta.

Matarsa ce ta taɓa shi daga baya. "Baban yara," ta ce a hankali, "dubi zanen."

Ya duba. Ƙarƙashin dattin akwai ƙananan furanni shuɗɗa. Ya san su. Tsohon zanen Mama ne, wanda ke ninke a gefen filonta, gefensa ɗaya a yage.

"Durƙuson ne ya ba ni wuya," in ji Mama. "Da na ƙara matse shi."

"To Auta fa?"

"Aiki ya yi masa yawa." Ta gyara ɗankwalinta. "Ina kira, wayar tana shiga. Zai ɗauka in ya samu sarari."

Direba ya dubi jakar da ke kan kujera. Sai yanzu ya lura a shafe take, ko zif ba a ja ba, babu komai a ciki. Ya tuna yatsun nan da ba sa iya buɗe murfin magani sai ya buɗe mata, ya rasa yadda aka yi suka yi ƙulli kan ƙulli a cikin duhun nan.

Daga kicin ana jin ruwa na wucewa sumul, matarsa ta manta famfon a buɗe. Duk ranar yake jiran Mama ta ji wannan ƙarar. Ya ajiye ƙyallen a bakin ƙofa, ya durƙusa a gaban gadon, baƙin ruwa na bushewa a wuyansa.

"Mama," ya ce, "bakina ya yi kaushi. Ki yafe ni."