Sunan 'Yar Fari

"Malam, don girman Allah ka sauko, jikinka kamar garwashi," na ce, ina riƙe da ƙarfen bayan babur ɗin.

Malam Rabe, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, bai ko dube ni ba. Ɗan acaɓa ya riga ya ɗora shi, ya naɗe masa shanyayyun ƙafafunsa. Kwanansa tara a kwance da ciwon ƙirji. Matarsa Adama tana bakin zaure, ta toshe baki da mayafi.

"Yau ake rufe rajista, Rukayya. Goya yarinyar ki hau ɗaya babur ɗin. Ko sai na sauko na goya miki ita?"

Laifina ne. Makon jiya masu rubuta sunayen masu buƙata ta musamman suka zagaya garinmu Dayi gida-gida, don tallafin wata-wata da kekuna. Suka same ni a tsakar gida tare da Gwaggo, uwar mijina. 'Yata tana ɗaki, shekararta huɗu, ba ta taɓa takawa ba. 'Yar fari ce, ban taɓa kama sunanta ba, balle in yi zancenta a gaban suruka. Da aka tambaya ko akwai mai lalura a gidan, sai na sunkuyar da kai ina jiran Gwaggo ta faɗa. Gwaggo ta ce, "Mu lafiyarmu ƙalau, Allah Ya tsare." Suka fita. Ta katanga Malam Rabe ya ji, kuma shi ne sakataren ƙungiyar masu lalura a garinmu. Maigidana ya ce in dai Malam zai je, in bi shi.

Har Malumfashi idona yana kan bayan Malam. Duk ramin da babur ya faɗa sai kansa ya langaɓe.

Ofishin rajistar a saman bene yake. A ƙasa mutane ne zaune da sanduna da kekuna, suna jiran a sauko musu. Mai gadi ya ce an daina karɓar sabon suna, sai in sakataren ƙungiya ya hau ya shaida da kansa.

"To su sauko mana," na ce.

"Hajiya, ni ƙofa aka ba ni."

Wani mai shayi ya matso zai ɗauke shi. Malam Rabe ya ɗaga masa hannu.

"Bari, ɗan'uwa. Ni ba buhun masara ba ne. Gara su ga yadda muke hawa."

Ya zura silifa a hannuwansa ya kama matakala. Ina biye da shi da goyo, ina jin numfashinsa kamar ana zarto. A tsakiya ya yi tari, ya goge baki da hannun riga. Na ga jini. Ya naɗe hannun rigar.

"Malam, mu koma. Wallahi na haƙura."

"Ke kika haƙura. Ita kin tambaye ta?"

A sama, ma'aikacin ya miƙe tsaye da ya gan shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya jawo takarda.

"Sunan yarinya?"

Malam Rabe ya buɗe baki, murya ba ta fito ba. Ya jingina da bango, ya zuba mini ido.

"Najiba," na ce. "Najiba Shitu. Ni ce uwarta."

Ta ɗago kai daga bayana. "Na'am?"

Aka ɗauki hotonta, aka rubuta. Biro ya suɓuce wa Malam, sai yatsa ya dangwala. Da za mu sauko mutum biyu suka ciccibe shi, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi jinin tsorata ni.

Daga nan asibiti aka wuce da shi. Washegari kafin azahar na ji salatin Adama ta katanga, ludayi ya faɗi daga hannuna.

Da aka fito da makara bayan la'asar, Najiba ta ja jiki har bakin zaurenmu. Gwaggo ta miƙa hannu za ta mayar da ita ciki, sai kuma ta fasa. Mu uku muna kallon maza har suka sha kwanar masallaci, suna canjin kafaɗa, suna sauri, don babu nauyi.