Larabcin Yaya Hussainatu

Alhaji Abakar Ali mutum ne da manyan 'yan kasuwa ke jira a ƙofar ofishinsa a Abuja, domin kamfaninsa na zuba jari ya ɗaga masana'antu da yawa. Amma a bayan Kasuwar Shanu ta Maiduguri aka haife shi. Mahaifinsa makiyayi ne Bashuwa, wanda fari ya cinye masa garke, ya shigo birni ya koma dillancin shanu. Uwarsu ta rasu Abakar yana rarrafe, sai yayarsa Hussainatu ta goya shi, ta kuma tsaya kai da fata sai da aka sa shi boko.

Da ya samu duniya bai manta da ita ba. Ya gina mata gida a unguwar Maisandari, ya kai ta Makka. Zama ne kawai ba ya yi. Ya sauka da safe, la'asar ta yi masa a filin jirgi. Kullum takan ce, "Abakar, zauna in gaya maka mutanenmu, inda suka taso da inda aka binne su." Shi kuma ya ce, "Yaya, in na dawo."

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Da bakinta ya buɗe, Hausa ta tafi, Barbarci ya tafi, sai Larabcin Shuwa na ƙuruciyarta. Abakar kuwa rabonsa da yaren tun yana makarantar kwana, gaisuwa kaɗai ta rage masa.

Ya zo ya zauna a gefen katifarta. Ta riƙe hannunsa tana ta magana, shi yana gyaɗa kai, yana jin kamar labarin nan ne take ba shi. Sai ya aika kasuwa aka ɗauko Malam Imran, wani tsohon dillali abokin mahaifinsu, don ya fassara.

Tsohon ya kasa kunne yana sauraronta.

"Baba, sunayen kakanninmu take faɗa?" in ji Abakar.

"A'a, Alhaji. Cewa take ka rame. Kuma wai ka tashi ka tafi, ta san kana da aiki, kada ta tsare ka."

"Ka ce mata ba inda za ni. Ka ce ta ba ni labarin."

Malam Imran ya faɗa mata. Ta kalli rufin ɗaki, ta fara wani suna, ya kuɓuce mata, ta girgiza kai.

Abakar ya kashe wayoyinsa ya zauna a gidan, yana ba ta kunu da cokali, yana koyon kalmomi wurin tsohon. Labarin bai dawo mata ba. Ta rasu kafin azumi. Bayan sadakar uku ya bi kasuwa rumfa rumfa yana tambaya, amma waɗanda suka san kakansa duk sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma mahaifinsa kawai suka sani.