Hadarin Gilashi

Isyaku ya tsine wa rana a zuci har ya gaji. An turo shi daga Funtua zuwa ƙauyen Gozaki ya ɗauko fim ɗin majigi a kan sabon irin auduga, don manoma su gani su karɓa. Wannan ne karon farko da aka sakar masa kyamara, kuma an ja masa kunne: in fim bai yi aiki ba, ya koma dakon ƙafafunta.

Gonar wani manomi mai suna Baƙo ta yi fari fat, sama ma fari fat. In ya tsuke idon kyamara, mutane su koma gawayi. In ya buɗe, hasken sama ya wanke komai. Takaici kamar ya ciji yatsa.

Sai ya zaro wani gilashi wanda samansa ke da duhu, yana washewa har ƙasansa ya zama garau. Ya ɗora a bakin kyamara, ya yi ta ja yana turawa, duhun ya tsaya daidai bakin gona. Baƙo kuwa dogo ne kamar giginya, da ya miƙe sai kansa ya shige duhu.

"Baƙo, don Allah duƙa!"

"Malam, gadon bayan nan fa ba na gwamnati ba ne."

Da ƙyar da jiɓin goshi aka gama. Da aka wanko fim, sama ta yi duhu, auduga ta fito tas. Isyaku har da 'yar rawa.

Gab da shuka motar majigi ta iso Gozaki da buhunan iri. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle, fili ya cika. Gonar na bayyana, wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Hadari! Ku kwashe audugar, za ta jiƙe!"

Fili ya ɗauka. Isyaku ya kutsa tsakiya yana ɗaga hannu. "Jama'a, ba hadari ba ne, gilashi ne!"

"Da idonmu muka gani," in ji Maiwada, sarkin noma. "Irin da ke buɗewa ruwa bai ɗauke ba, wa zai shuka wa kansa asara?"

Isyaku ya cafko hannun Baƙo. "Kai kana wurin! Gaya musu irin ranar da aka ƙwalla!"

Baƙo ya daɗe yana kallon ƙyallen, ya sosa ƙeya.

"Ni ma haka na zata, Malam. Ashe Allah ne ya rufa mini asiri."

Washegari buhunan suka koma Funtua yadda suka zo, Isyaku na zaune a kansu.