Butar Shayi a Hannun Fasto

Maza biyu ne suka ɗauko mumbarin daga bayan mota suna nishi. Har sun kai shi bakin ɗakin taron otal ɗin, sai Auta ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ku mayar da shi inda kuka ɗauko shi."

Fasto, da ke biye da su da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya tsaya turus. "Auta, to a ina zan tsaya in yi magana?"

"Baba Fasto, ai yau ba magana za ku yi ba." Ta karɓi littafin cikin ladabi ta ajiye a kan tebur, ta ɗora masa babbar butar shayi a hannu. "Ga aikinku. Malamin makaranta zai yi bayani na minti goma, sannan baƙi su yi tambayoyi. Ku kuwa duk abin da aka tambaya, ba ku da amsa."

"Ni? Shekara talatin fa ina wa'azi!"

"Shi ya sa, Baba."

Auta ce sakatariyar cocin, kuma ita ta nace wa dattawa wata uku cur har suka yarda a kai otal darasin nan na masu son sanin bangaskiyar Kirista. Hujjarta ɗaya ce: akwai mutanen da ko da igiya ba ka jan su zuwa ƙofar coci, amma otal kowa na shiga ba mai kallonsa. Sau uku ta zo duba ɗakin. Ta sa an cire fankar da ke kuka kamar injin niƙa, an kwashe kujerun da aka jera sahu-sahu, an kawo ƙananan tebura huɗu. Ta roƙi manaja ya goge "Gagarumin Taron Ceto" da wani dattijo ya sa aka rubuta a allon shiga, aka mayar da shi "Shayi da Tambayoyi, hawa na ɗaya". Ba mawaƙa, ba kwanon baiko, ba "mu rufe idanunmu". A fara ƙarfe huɗu, a tashi biyar da rabi, ko da ana tsakiyar magana.

Abin da ba ta faɗa wa dattawa ba shi ne, saboda mutum ɗaya take wannan wahalar: yayanta, bakanike. Shekara tara ke nan da rasuwar 'yarsa mai shekara shida. Ranar da aka binne ta, ya tari Fasto ya ce, "Me ya sa…" Bai ƙarasa ba. Fasto mutumin kirki ne, kowa ya sani, sai dai in ya yi addu'ar cin abinci sai an sake ɗumama abincin. Da zuciya ɗaya ya karɓe maganar, ya jero masa ayoyi har kusan awa guda. Yaya ya saurara, ya yi godiya, ya tafi, kuma ƙafarsa ba ta ƙara taka coci ba.

Da ƙyar da siɗin goshi ta shawo kansa a makon jiya. "Otal dai ba coci ba ne," ya ce daga ƙarƙashin wata mota. "Zan zo sau ɗaya. Amma in mutumin nan ya fara, zan tashi, kuma kada ki ƙara yi mini zancen har abada."

Baƙi sha huɗu suka zo, ciki har da wata mai ɗinki da ƙanwarta, direbobi biyu, wani tsoho da ya ce shayin ne ya kawo shi. Malamin makaranta ya gama bayani a kan wane ne Yesu. Huɗu da kwata ta wuce, Auta na murmushi amma idonta na kan ƙofa. Sai ga Yaya, da baƙin mai a farcensa. Bai gaida kowa ba, ya zauna a kujerar da ta bar masa da gangan kusa da ƙofa, don ya san hanyar fita a buɗe take.

Mai ɗinki ta tambaya ko Allah na jin addu'ar wanda bai iya addu'a ba. Wani direba ya ce shi ma abin na damunsa. Fasto na zagaye da buta, leɓunansa na motsi, zufa na tsattsafo masa a goshi. Wayyo, bawan Allah! Amsa ce fal a bakinsa, ga shi an hana shi.

Yana isowa teburin ƙofa, Yaya ya tura masa kofi ba tare da ya kalle shi ba.

"Ni tambayata tsohuwa ce," Yaya ya ce. "Me ya sa…"

Nan ya sake tsayawa. Auta ta ga bakin Fasto ya buɗe, hannunsa na hagu ya nufi hammata, inda littafin ya saba zama. Ta kafa masa ido, ta girgiza kai a hankali. Tsoro ne ya cika ta, amma ba ta ɗauke idon ba. Fasto ya mayar da hannun ya rungume butar.

Shirun ya yi tsawo, har ana jin ƙarar cokula daga kicin ɗin otal. Ba wanda ya katse shi.

"Me ya sa," Yaya ya ƙarasa, "a duk wa'azin da aka yi a bakin kabarin nan, aka kira annabawa ɗaya bayan ɗaya, amma ba a kira sunan 'yata ko sau ɗaya ba?"

Shekara tara Auta tana zaton da Allah Yaya yake rigima. Ashe tambayar ke nan.

Fasto ya juyo ya dube ta kamar ɗalibi mai neman izini. Ita ta kafa dokar, ita kuma ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Kurciya," ya ce. Sunan da uban kaɗai ke kiran yarinyar da shi a gida ke nan, ashe Fasto bai manta ba. Daga nan ya rufe bakinsa gam, hawaye na bin gemunsa, ya cika kofin har ya zuba a faranti.

Yaya ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗauki kofin ya kurɓa.

Biyar da rabi daidai Auta ta buga cokali a jikin kofi, aka tashi. Ta iske Yaya a bakin matakala yana neman makullin babur a aljihu.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Mako mai zuwa, mutumin nan ne zai sake riƙe butar?"

"Shi ne."

Ya gyaɗa kai, ya sauka taki biyu, sannan ya waiwayo.

"To ki ce masa ya rage sukari."